Ɗakin haya na 'yan kwanaki da keken guragu zai iya shiga: abin da mai gida zai auna kafin ya kira baƙi

A Garwa da Ngaundere da Marwa, haka ma a unguwar Briqueterie ta Yawunde inda Hausawa suka daɗe da zama, ba sabon abu ba ne a ga mai gida ya ware ɗaki da falo, ya sa gado da fanka da talabijin, yana ba da haya na kwana biyu ko mako guda. Da Faransanci ana ce wa irin wannan masauki «meublé». Garwa ta ga amfaninsa a watan Janairun 2022, lokacin da filin wasa na Roumdé Adjia ya karɓi wasannin rukunin Najeriya da Masar da Sudan da Gine-Bisau a gasar cin kofin Afirka, birnin ya cika da 'yan kallo, ciki har da waɗanda suka tsallako daga Yola.

Gasar ta wuce, amma baƙi ba su daina zuwa ba. Sai dai yawancinsu ba Turawa masu zuwa kallon namun daji ba ne, domin wannan harka ta ja baya sosai a arewacin Kamaru tun bayan da aka sace wasu Faransawa 'yan gida ɗaya kusa da gandun dajin Waza a watan Fabrairun 2013. Masu neman ɗaki a yau su ne dangin da suka zo hutun Salla ko biki daga Duwala ko Injamena, da ma'aikatan ƙungiyoyi, da maniyyata aikin Hajji da ke jiran jirgi, da iyalan da suka kawo mara lafiya asibiti. A cikin waɗannan akwai tsoho mai dogara sanda, da wanda ɓarin jikinsa ya shanye, da wanda shan inna ta taɓa tun yana yaro, da wanda aka yi wa aiki a ƙafa jiya-jiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2022 kimanin mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin ɗari na al'ummar duniya, suna rayuwa da wata naƙasa mai tsanani. An ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali ranar 25 ga Agustan 2020, amma waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan, magidanta ne da 'yan kasuwa, suna tafiye-tafiye kamar kowa, kuma suna biyan kuɗin masauki.

Masaukin da zai karɓe su ne ya yi ƙaranci. Mai gidan da ke son ya cike wannan gurbi ba ya buƙatar sabon gini, amma yana buƙatar tef na awo, domin gaba ɗayan maganar ta santimita ce.

Daga bakin titi ake farawa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da ɗakin. A gyara shi tsaf, a shimfiɗa tayil mai sheƙi, sannan baƙo ya zo ya tarar da kwata a buɗe tsakaninsa da ƙofar gida, da matakala biyu a bayanta. Hanyar da za a duba ita ce wadda baƙon zai bi da kansa: daga inda mota ko a-daidaita za ta sauke shi, zuwa ƙofar gida, tsakar gida, ƙofar ɗaki, gado, sannan ban ɗaki. In wuri ɗaya ya tare shi a cikin waɗannan, sauran gyaran bai amfane shi da komai ba.

Gidajen yankin nan suna da dalilin ɗaga ƙofa sama da titi. Ruwan damina ne. Duk wanda ya ga ambaliyar 2024 a Yagwa da Injamena da Maiduguri ba zai yarda a fasa masa dokin ƙofa ba, kuma yana da gaskiya. Abin da za a yi shi ne a bar tsayin yadda yake, a yi masa gangare. A nan ne lissafi ke shigowa, kuma a nan ne magina da yawa ke yin ganganci.

Ma'aunin da aka fi sani a ƙasashe masu amfani da Faransanci shi ne na Faransa, wanda ya biyo bayan dokar 11 ga Fabrairun 2005. Ya ce gangaren kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari. Ma'anarsa, kowane santimita ɗaya na tsayi yana buƙatar santimita 20 na tsawo. Dokin ƙofa mai santimita 15 yana son gangaren mita 3. Matakala biyu masu santimita 30 suna son mita 6. Inda wuri ya ƙure, an yarda a kai kashi 8 cikin ɗari, amma a tsawon da bai wuce mita 2 ba, ko kashi 10 a tsawon rabin mita kacal. Ɗan siririn gangaren nan da ake yi a tsakiyar matakala don tura babur cikin gida ba ya cikin lissafi ko kaɗan: ya yi tsaye da yawa, ya yi ƙunci, kuma keken da aka tura a kansa zai iya kifewa baya da mai shi.

Mita 6 ba za ta samu a gaban yawancin gidaje ba tare da an shiga titi ba, kuma hukumar gari na iya rusa abin da aka gina a kan hanyar jama'a. Dabarar da ta fi dacewa ita ce a kwantar da gangaren a jikin katanga, ya bi tsawonta, da faɗin aƙalla mita 1.20, a yi masa ɗan gefe don kada taya ta zame, a sa ƙarfen riƙewa. A samansa dole a bar fili shimfiɗaɗɗe gaban ƙofa, domin mutum ba zai iya riƙe keke a kan gangare yana kuma murɗa makulli ba. Simintin a bar shi da kaushi, a ja masa tsintsiya tun yana ɗanye. Tayil mai santsi a kan gangare, ranar da aka yi ruwa, tarko ne.

Kwata kuma a rufe ta da siminti ko da ragar ƙarfe wadda ramukanta ba su wuce santimita 2 ba, saboda ƙananan tayoyin gaba na keke da ƙasan sandar dogarawa. In tsakar gidan yashi ne ko tsakuwa, a zuba siririyar hanyar siminti daga ƙofa zuwa ɗakin. Taya na nutsewa a yashi fiye da yadda mai ƙafa ke zato.

Ƙofa da cikin ɗaki

Keken guragu na asibiti, da mutum a kansa, ana lissafa masa faɗin santimita 75 da tsawon mita 1.25. Shi ya sa ake son ƙofa mai santimita 90, ko aƙalla 80. Abin da za a auna shi ne sararin da ya rage bayan an buɗe ƙyauren, ba faɗin ramin da magini ya bari ba, domin firam da kaurin ƙyaure suna cinye santimita da yawa. Ƙofar ɗaki ba ta cika ba da matsala ba. Ta ban ɗaki ce ake yi wa rowa, sau da yawa santimita 60 ko 70, kuma ita ce kan sa baƙo ya kwana a wuri amma ya kasa kama ruwa sai an ɗauke shi.

Akwai kuma wani abu da ma'aunin Faransa bai yi tunaninsa ba. Guragu da yawa a wannan yanki ba keken asibiti suke hawa ba, keke ne mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, wasu ma mai inji. Ya fi tsawo, ba ya juyawa a cikin ɗaki, don haka mai shi kan ajiye shi a ƙofa ya shiga da sanda ko da jan jiki. Irin wannan baƙo yana buƙatar inuwar da zai ajiye kekensa dab da ƙofar ɗaki, a cikin gida inda ba za a sace ba, da daɓe mai tsabta wanda ba ya zafi, da abubuwan amfani a ƙasa-ƙasa. Mai gidan da ya tanadi wannan ya fi wanda ya kwafo zanen Turai bai duba waɗanda ke wucewa ta ƙofarsa ba.

A cikin ɗakin, ƙa'idar ita ce a samu wuri ɗaya da babu komai a kai, da'ira mai faɗin mita 1.50, inda keke zai juya. Ɗaki mai mita 4 da mita 4 zai ba da wannan in ba a cika shi da kujeru ba. Al'adar masu «meublé» ta jibga manyan kushin da teburin gilashi a tsakiya, don hoto ya yi kyau a Facebook, ita ce ke cinye filin. Gado ya kasance tsakanin santimita 40 da 50 daga ƙasa har da katifa, daidai da mazaunin keke, da sararin santimita 90 a gefensa. Katifa mai laushi da yawa tana wahalar da mai tashi da ƙarfin hannu. Makunnin wuta da na fanka, da maratayin kaya, su sauko tsakanin santimita 90 da mita 1.30, kuma a samu makunni ɗaya da wurin cajin waya da hannu zai kai daga kan gado. Dardumar da ba a manne ba a ɗauke ta.

A tanadi katifa ta biyu. Mara lafiya da tsoho ba su cika zuwa su kaɗai ba, akwai ɗa ko mata ko ƙane mai jinya, kuma a ɗaki ɗaya za su kwana.

Ban ɗaki ne ke cin kuɗi

Idan akwai inda za a fasa bango, to nan ne. Masai na tsuguno ba ya yi wa wanda gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa, balle mai keke. Ana buƙatar na zama, mai tsayin santimita 45 zuwa 50, da sarari a gefe ɗaya mai santimita 80 da mita 1.30 inda keke zai tsaya mutum ya zame zuwa kai. A ɗaya gefen a kafa ƙarfen riƙewa a bango, santimita 70 zuwa 80 daga ƙasa. Mai walda na unguwa zai iya lanƙwasa shi da bututun ƙarfe, kuɗinsa bai kai ko kusa da na na'urar sanyaya ɗaki ba. Abin lura shi ne yadda za a kafe shi. Bulo mai rami ba ya riƙe ƙusa da kyau, sai an cika ramin da siminti ko an ratsa bangon da dogon noti, domin nauyin mutum gaba ɗaya zai hau kan ƙarfen. Maratayin tawul ba madogara ba ne, ko da ya yi kama.

Wurin wanka a nan gidajenmu na yankin sun fi na Turai sauƙin gyara, tunda galibi ba a sa kwamin wanka, daɓe ɗaya ne da magudana. Abin da ke ɓata shi shi ne ɗan tudun da ake ginawa don tare ruwa. A cire shi, a karkata daɓen kaɗan zuwa magudana, a sa tayil mai kaushi. Tudun da keke ke iya hayewa ba tare da taimako ba bai wuce santimita 2 ba. A sa kujerar wanka mai ƙarfi wadda ba ta zamewa, da kan shawa mai tiyo da ake riƙewa a hannu. Kujerar roba ta biki takan buɗe ƙafafu a kan jiƙaƙƙen daɓe.

Alwala ma tana cikin lissafi. Famfo ɗaya a ƙasa, kusa da mazaunin, yana ba mutum damar wanke ƙafa a zaune ba tare da ya ɗaga buta da hannu ɗaya yana dafa bango da ɗayan ba. Kuma tunda ruwan famfo na ɗaukewa, randa ko durom ɗin ajiya ya kasance mai famfo a gindi. Wanda ke zaune a keke ba zai iya leƙa durom ya ɗebo da moɗa ba.

Ƙyauren ban ɗakin ya riƙa buɗewa waje. In mutum ya faɗi a ciki ya tokare ƙofa, ta haka ne kaɗai za a kai gare shi ba tare da an ɓalle ta ba.

Wuta da zafi, da waɗanda ba keke ne matsalarsu ba

A watannin Maris da Afrilu zafin Garwa kan haura digiri 40, kuma wutar lantarki na ɗaukewa. Ga mai lafiya wannan takura ce, zai fita tsakar gida ya shimfiɗa tabarma. Wanda ba ya iya sauka daga gado shi kaɗai ba shi da wannan mafita, kuma masu ciwon laka da yawa jikinsu ba ya daidaita zafi yadda ya kamata. Fanka mai caji, da fitila mai aiki da hasken rana a ɗaki da ban ɗaki, sun fi talabijin babba muhimmanci. Mai ciwon suga zai tambayi firji saboda allurarsa ta insulin.

Tambarin «Tourisme et Handicap» da Faransa ta ƙirƙiro a 2001 ya kasa naƙasa gida huɗu: ta motsi, ta gani, ta ji, da ta ƙwaƙwalwa. Ana ba masauki tambarin a kan waɗanda ya cika sharuɗɗansu kawai, kuma wannan tsari ne da ƙaramin mai gida zai iya koyi da shi. Makaho ba ya buƙatar gangare, yana buƙatar a zagaya da shi ɗakin sau ɗaya, a daina matsar da kaya daga inda ya san su, a kuma cire igiyar shanya da ke daidai wuya a tsakar gida. Mai raunin gani yana amfana da fenti mai haske a bakin matakala. Kurma yana son a yi komai a rubuce ta WhatsApp, da hanyar da za a sanar da shi an zo ƙofa ban da ƙwanƙwasawa.

Gida ne, da iyali a ciki

Tsarin gidan Bahaushe ya riga ya yi rabin aikin. Ɗakin baƙi ko shagon da ke kusa da zaure yana ƙasa, yana dab da titi, yana nesa da cikin gida inda mata suke. Shi ya fi dacewa, in za a fitar masa da ban ɗakinsa da ƙofarsa. Baƙon da sai ya ratsa tsakar gidan iyali kafin ya kai makewayi zai takura, matan gidan ma za su takura, kuma irin wannan haya ba ta daɗewa.

Kafin a fasa bango akwai bakin da za a nema. In gidan gado ne da ba a raba ba, sai sauran magada sun yarda, an kuma faɗi yadda za a raba abin da ya shigo. In mai gidan shi ma ɗan haya ne, ba shi da ikon saka wani sai da izinin mamallaki, a rubuce. Ya kamata jauro ko lawanin unguwa ya sani, domin sunan «meublé» ya ɗan ɓaci a wasu unguwanni, maƙwabta kan zargi duk gidan da baƙin fuska ke shiga da fita. Gidan da aka san tsofaffi da marasa lafiya yake saukewa ba ya shan wannan zargi sosai.

Ta fuskar hukuma, a Kamaru dokar 18 ga Afrilun 2016 ce ke tsara harkar yawon buɗe ido da masaukai, kuma ofishin ma'aikatar yawon buɗe ido na yanki ne ake tuntuɓa don izini. Akwai harajin kwana da ake karɓa daga masaukai tun 2017, saboda haka a leƙa ofishin haraji tun kafin su leƙo. Dokar 13 ga Afrilun 2010 kan kare masu buƙata ta musamman ta tanadi cewa gine-ginen da jama'a ke shiga su zama masu shiguwa gare su, ko da yake duk mai yawo a biranen ƙasar ya san aiwatar da ita na tafiyar hawainiya. Masu gidaje a Cadi da Benin da Nijar kowa sai ya tambayi ƙa'idar ƙasarsa. Abin da ya zama ruwan dare shi ne rajistar baƙi: suna, lambar katin shaida ko fasfo, ranar shiga da ta fita. A garuruwan kan iyaka, inda jami'an tsaro ke yawan bincike, wannan littafi kariya ce ga mai gida.

Abin da za a rubuta a talla

Kalmar «accessible» ita kaɗai ba ta gaya wa kowa komai, kuma rubuta ta a kan ɗakin da ba a auna ba cutarwa ce. Iyalin da suka kwana a jirgin ƙasa daga Yawunde zuwa Ngaundere, ko suka wuni a mota daga Kusiri da tsoho a kwance, suka iso da dare suka tarar keke ba ya shiga ban ɗaki, ba su da wani wurin da za su nufa a wannan lokaci.

Kamfanin Airbnb ya fahimci haka. Bayan ya sayi Accomable a 2017, wani ƙaramin kamfanin Landan da masu amfani da keke suka kafa, ya riƙa neman masu gidaje su tura hoton kowane abin da suka yi iƙirari, kuma ba ya ƙirga ƙofa a matsayin mai faɗi sai ta haura inci 32, kimanin santimita 81. Mai ɗaki a Garwa da ke samun baƙinsa ta WhatsApp da bakin 'yan tasha zai iya yin irin wannan da wayarsa: hoton ƙofa da tef a miƙe ana ganin lamba, hoton gangare daga gefe, hoton masai da ƙarfensa, da ɗan bidiyo da ya taso daga bakin titi har gado ba tare da an yanke ba. Abin da babu shi ma a faɗa. In akwai tudun santimita 5 a ƙofar ban ɗaki, a rubuta haka, domin wani baƙon zai iya da shi, wani ba zai iya ba, kuma shi ya san jikinsa.

Kafin baƙon farko, a gayyato mai amfani da keke daga ƙungiyar naƙasassu ta gari ya bi hanyar da kansa, a biya shi ladan lokacinsa. A cikin minti goma zai nuna abin da magini da mai gida suka wuce sau ɗari ba su gani ba. Ƙungiyoyin nan, da ma'aikatan gashin ƙashi na asibitoci, da masu shirya tafiyar alhazai, su ne kuma za su riƙa turo masu neman ɗakin. Kuɗin haya kuwa ya zama daidai da na sauran ɗakuna irinsa a unguwar. Gangare da faffaɗar ƙofa ba dalilin ƙara wa gurgu farashi ba ne, tunda mai jego da mai akwati mai taya da mai babur duk ta nan za su bi.